Ranar Da Muka Je Fatsa Zobe

 Makon nan na ajiye zancen girki, zan ba ku labarin wata fita da muka yi da maigida da yara, don na yi wani kuskure a ranar wanda ba na so wata ta maimaita.

Mu mutanen Safana noma da kiwo muka gada, kifin da muka saba da shi kuwa shi ne banda da ake kawowa ran kasuwa. Amma ga babban ruwa kusa da mu, wato madatsar Zobe, kudu da Dutsin-Ma. Kogin Karaduwa aka tare aka yi ta, aka gama aikin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Bangon ƙasar da ya riƙe ruwan tsawonsa mita 2,750 ne, tsayinsa mita 19. Ruwa ya zauna, kifi ya hayayyafa, masunta suka sami sana'a.

To, a hutun watan Afrilu na 2017 maigida ya ce abin kunya ne yara su riƙa jin sunan Zobe ba su taɓa ganinta ba. Akwai ƙanwarsa da ke aure wani ƙauye kusa da ruwan, mijinta masunci ne, sai muka tafi can muka kwana biyu. Mu biyar ne: ni da shi, da ɗan farina mai shekara 13 (kun san ba a faɗin suna), da yarinyar da ke bi masa mai shekara 11, da auta a goye.

Da sassafe muka sauka bakin ruwa, inda masunta ke ɗaure kwalekwalensu. Kai, jama'a, ban taɓa ganin ruwa kamar wannan ba! Muka tarar waɗanda suka kwana kan ruwa suna dawowa, mata masu saye suna jira da kwanoni. Mai masaukinmu ya riƙa nuna wa yara: ga tarwaɗa mai gashin baki, ga ƙarfasa mai faɗi, ga ragon ruwa, ga ƙurungu mai ƙaya wanda ke gurnani in an kama shi.

Sa'an nan ya ba kowa fatsa, wato sandar gora da zare da ƙugiya, da 'yar totuwa ɗaure a sama. Ya soka tana a ƙugiya, ya ce, "In totuwa tana rawa, ku ƙyale ta, ɗanɗanawa yake yi. In ta nutse, ku fizga." Maigida ya ce shi ba ya bukatar koyo, ai ya yi fatsa da ƙuruciya. Suka jeru kan duwatsu. Ba a daɗe ba sai na ji yarinyar nan tana ihu, "Baba! Baba! Na kama!" Ƙarfasa ce kamar tafin hannu. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta kama shida, wanta ya kama uku, maigida kuwa ko ɗaya. Na ce, "Malam, ina ƙuruciyar?" Ya ce kifayen Zobe ne ba su san manya ba. Muka yi ta dariya har da masunta.

Ni da ƙanwar maigida muka haɗa murhu a gindin bishiya, muka gyara kifin, muka sa gishiri da yaji, muka soya da man gyaɗa, muka ci da dambu. Har yau ban ci kifi mai daɗin wannan ba.

Ga inda kuskuren yake. Rana ta take, kun san zafin bazara. Yaran suka zo suka ce, "Inna, mu shiga mu yi wanka?" Ni abin da nake tsoro ɗaya ne, nutsewa. Sai na nuna musu wani lungu mai ciyawa, inda ruwa ya kwanta ba ya motsi, na ce su shiga nan, kada ya wuce musu gwiwa. Suka yi fiye da awa guda suna wasa, ina kallonsu, hankalina kwance. Da suka fito suna ta susar ƙafafu, na ce ƙaiƙayin ciyawa ne, zai wuce.

Bayan kamar wata uku yaron ya gaya wa ubansa yana ganin jini a ƙarshen fitsari. Kakarsa ta ce, "Tsargiya ce, girma ne ya zo. Wane namiji ne bai yi ba?" Ni ma haka na taso ina ji, na yi shiru. Ana nan sai ranar wanki na ga alamar jini a kayan yarinyar. Na ja ta ɗaki na tambaye ta, ta fashe da kuka. Ashe ta yi makonni tana ɓoyewa, tana tsammani al'ada ce ta fara, kunya ta hana ta gaya mini. Da na bi ta a hankali, ta ce sai ta gama fitsari take gani, kuma da zafi. Nan gabana ya faɗi. In na yaron girma ne, to, nata fa?

Washegari muka kai su asibiti, aka auna fitsarinsu, aka ce su biyun tsargiya ce. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ni kuma na ƙara bincike daga baya. Ga abin da na koya.

Tsargiya cuta ce, wata tsutsa ke kawo ta. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz ya gano tsutsar a Masar a 1851. In mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya fita ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin 'yan ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Can yake girma ya fito da yawa, ido ba ya ganinsa, ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Susar da yarana suka yi ke nan. Kun gani, wurin da na zaɓa musu don tsira, nan ne gidan katantanwar. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jini na mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke yi wa mafitsara rauni har jini ya fito. In an bar ta shekaru, takan rage wa yaro jini da kuzarin karatu, ta taɓa ƙoda. Ga mace kuwa takan yi rauni a hanyar mahaifa, ta kawo ciwon mara, wani lokaci har ta hana haihuwa.

Kada ku ce a gidana kaɗai ne. A 2016 an buga wani bincike da aka yi a makarantun sakandare na Safana da Dutsin-Ma. An auna ɗalibai 718, aka sami cutar ga 163, wato fiye da ɗaya cikin biyar.

Alhamdu lillahi, akwai magani. Ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana ba da ita gwargwadon nauyin mutum ko tsayinsa, a sha bayan an ci abinci. Yarana suka sha, jini ya tsaya. Sai dai ba ta hana a sake kamuwa in an koma ruwan. In an zo raba ta a makaranta, ku bar 'ya'yanku su sha.

Saboda haka, uwargida, ga shawarata. Cin kifi ba ya kawo tsargiya, ku ci abinku. Fatsa daga kan dutse ko gaɓa ma ba laifi. Shiga ruwan tafki ko kududdufi ko bakin madatsa, shi ne abin gudu, ko da iyakar idon sawu ne. In dole da shi za ku yi wanka ko wanki, ku ɗebo ku tafasa, ko ku ajiye shi kwana biyu a mazubi, tsutsar za ta mutu. Ku hana yara fitsari a ruwa. In an ce muku jinin fitsari girma ne, ku amsa da ladabi, amma ku kai yaro asibiti.

Ku kuma 'yan mata, duk abin da kuka gani a jikinku ba ku gane ba, ku gaya wa iyayenku mata ko malamarku. Kunya ado ce, amma ba a yin ta da ciwo. Mu iyaye ma mu sassauta fuska. Abin da ya fi damuna shi ne 'yata ta yi makonni da tsoro a ɗaki ɗaya da ni ban sani ba.

Daga 2019, da rashin kwanciyar hankali ya tsananta ta wajen dajin Rugu, mun daɗe ba mu yi irin wannan fita ba. Sandar fatsar yarinyar tana nan soke a rufin ɗaki, in ta zo gida takan tsokani ubanta ta ce yaushe zai rama. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba 'ya'yanmu lafiya, amin.

Sai mako mai zuwa. Wassalam.