Masanan Janiba da jita-jitar waya

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba 18 ne ke ɗaukar mutum daga tsakiyar Janiba zuwa Meyrin, daf da iyakar Suwizalan da Faransa. Nan cibiyar CERN take, wadda ƙasashen Turai 12 suka kafa a 1954 don binciken ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su. A fili ba ka ganin komai sai ofisoshi da gonaki da tsaunukan Jura can nesa. Aikin yana ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 100, cikin wani rami zagayayye mai tsawon kilomita 27, inda ake harba ƙwayoyin furoton su yi karo da juna cikin gudun da ya kusa kamo na haske.

A wannan wuri ne Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a 1989, domin masana su riƙa musayar takardun bincike cikin sauƙi. Ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. Ta kan hanyar nan da suka share ne yau ƙarya ke dawo musu har ƙofar gida, kuma duk wanda na zanta da shi a can yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan lamarin.

Wadda ta zagaya da mu ɗaliba ce mai neman digiri na uku. Ba mu yi nisa ba wani baƙo ya tambaye ta ko na'urar da ke harba ƙwayoyin za ta iya haifar da baƙin ramin da zai haɗiye duniya. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ke kewaye da mu da ƙarfin da ya fi na na'urar, tun shekaru aru-aru, kuma duniya na nan. Daga yadda amsar ta zauna a bakinta, ka san ta sha ba da ita.

Tambayar tana da tarihi. Gabanin a kunna na'urar a Satumban 2008, wasu mutum biyu sun shigar da ƙara a kotun Hawaii a hana. A Indiya wata yarinya 'yar shekara 16 ta hallaka kanta don firgicin abin da ta gani a talabijin game da ƙarshen duniya. A 2016 aka yaɗa bidiyon wasu sanye da baƙaƙen kaya suna kwaikwayon yanka mutum a gaban gunkin Shiva da gwamnatin Indiya ta bai wa cibiyar a 2004. CERN ta fito ta ce wasa ne aka shirya ba da izininta ba, amma har yau bidiyon na yawo. Da aka sake kunna na'urar a Yulin 2022 bayan dogon hutu, sai TikTok ta cika da masu cewa an buɗe ƙofar wata duniya.

To, me ya hana kowane masani ya ɗauki waya ya mayar da martani? Wani dattijo da na yi hira da shi a wurin shan shayi na Science Gateway, zauren baƙin da aka buɗe a Oktoban 2023, ya tuna min da abin da ya faru a 2011. A shekarar ne masu gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harba daga CERN zuwa Gran Sasso ta Italiya, tazarar kilomita 730, kamar sun riga haske isa. Su da kansu sun ce a taya su neman kuskure. Duniya ba ta ji wannan ɓangaren ba. Abin da ya bazu shi ne an kayar da Einstein, wanda ya ce babu abin da ya fi haske gudu. Bayan 'yan watanni aka gano wata igiyar haske ce ba a ɗaure ta daidai ba. Magana zarar bunu. Mutumin da aka horar ya yi shekaru yana tantance sakamako kafin ya buɗe baki, dole ya ji tsoron dandalin da ke son amsa kafin minti ya cika. Na fahimce shi sosai.

Akwai kuma idon abokan aiki. A 2014 wani masanin ƙwayoyin gado, Neil Hall, ya fito da abin da ya kira ma'aunin Kardashian, mai gwada yawan mabiyan masani a Twitter da yawan ambaton bincikensa. Da raha ya yi shi, amma ya taɓa wani tsohon zargi: wanda ya yi suna a wurin jama'a, wai ya rage ƙwazo a ɗakin gwaji.

Matasan masana ba su yarda da wannan ba, ni ma ina tare da su. Kuɗin da CERN ke kashewa, sama da faran biliyan ɗaya na Suwizalan a shekara, daga harajin talakawan ƙasashe fiye da 20 yake fitowa, kuma wanda ya biya yana da haƙƙin a yi masa bayani a inda yake zaune. Cibiyar ma ta nazarci shafukanta. Binciken da Kate Kahle da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna hotunan da ke ba da mamaki suna jan mutane ƙwarai, har hoton wata na'urar wanke kwanoni da ake wanke allunan lantarki a cikinta ya zagaya ko'ina. Mutane suna son sani. Idan masani bai tare su ba, mai bidiyon gunki zai tare su.

Sai dai magana da bakin cibiya daban take da magana da sunanka da fuskarka. A 2021 mujallar Nature ta tambayi masana 321 da suka yi wa jama'a bayani kan korona. Kashi 15 cikin ɗari sun ce an yi musu barazanar kisa. A Beljiyam sai da aka ɓoye masani Marc Van Ranst da iyalinsa na makonni saboda wani soja ɗauke da makamai da ke nemansa. Ɗalibar nan da ta amsa wa baƙo ido da ido ba tare da gajiya ba, ta gaya min ba ta saka komai na aikinta a shafinta na kanta. Ban ga laifinta ba. Jami'ar da ke tura matashiya dandali ta tallata bincike, ita ya kamata ta tsaya mata ranar da zagi da barazana suka iso. Jamus ta fara ɗaukar wannan nauyi: tun 2023 akwai Scicomm-Support, layin waya da masanin da aka yi wa ca zai kira a ba shi shawarar lauya da ta masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Janairun 2025 kuma jami'o'i da cibiyoyin bincike sama da 60 na ƙasar da maƙwabciyarta Ostiriya suka sanar tare cewa sun fice daga X, wato tsohon Twitter.