Wa Ya Raɗa Musu Suna Banza?

A wata unguwa da ba ta da nisa da rijiyar Kusugu, cikin birnin Daura, akwai wani matashi da ya shafe kusan shekara biyu yana fama da littafi guda. Da rana yana rubuta allunan shaguna da zane a bayan manyan motoci, da dare kuma ya duƙufa kan labari mai zane, irin wanda ake raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa da maganar da ke fita daga bakin mai magana. Abin da ya tsayar da shi ba ƙarancin takarda ba ne. Miyagun labarin ne suka gagare shi.

Madubinsa shi ne X-Men, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro wa kamfanin Marvel na Amurka a 1963. Matasa biyar ne aka haifa da wani sauyi a ƙwayoyin halittarsu: wannan idanunsa na fitar da haske mai rusa bango, wancan yana da fukafukai, wani kuma yana mai da kansa ƙanƙara. Farfesa Charles Xavier ya tara su a makarantarsa yana koya musu kare mutanen da ke tsoronsu. Abin da ya bambanta su da sauran jaruman Marvel shi ne ba gizo-gizo ne ya cije su ba, ba kuma sulke suka ƙera ba. Da abinsu aka haife su.

Ɗan Daura ba ya bukatar a nuna masa inda zai samo irin wannan ayari. Kowa ya san labarin Bayajidda: wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, saukarsa gidan tsohuwa Ayana, macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da aurensa da Daurama. Sai dai matashin ya lura cewa Bayajidda jarumi ne ɗaya tilo, aikinsa ya ƙare a dare guda. Ayarin yana ga zuriyarsa. Ɗansa Bawo ya haifi shida da suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, ga kuma Biram ta bakwai. Har rabon aiki labarin ya yi musu: Gobir sarkin yaƙi, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Zazzau sarkin bayi. Kowane da baiwarsa, kamar don mai zane aka tsara. Ya zana Bagauda na Kano hannuwansa shuɗi fes da babar marina, ya zana Duma na Gobir da garkuwa. Na Zazzau ne ya fara ba shi wuya, domin farautar mutane ba baiwa ce da ake zanawa da alfahari ba, amma ya lallaɓa ya wuce.

Abokan gaba ma a shirye suke. Kafin Daurama ta haihu ta ba mijinta kuyanga, Bagwariya, wadda ta riga ta samun ɗa aka sa masa Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta kira shi Bawo, wato a maido garin. Sunayen biyu kansu cacar baki ce tsakanin mata biyu a kan gadon sarauta. Daga Karɓagari aka ce Banza Bakwai suka fito. Jerin yakan bambanta daga baki zuwa baki, amma wanda Bajamushe Heinrich Barth ya ji ya rubuta a tafiyarsa ta shekarun 1850 shi ne Zamfara, Kabi, Nupe, Gwari, Yawuri, Yarabawa da Kwararrafa. Bakwai da bakwai, kaka ɗaya, uwa daban.

Ya zana su yadda ake zana miyagu: baƙaƙen rawuna, jajayen idanu, tsage mai ban tsoro. Wata rana mahaifiyarsa ta shigo ɗakin da kwanon tuwo, ta tsaya tana duban takardun da ya manna a bango. 'Yar Argungu ce, aure ya kawo ta Daura. Ta nuna wani mai fiƙoƙi ta tambayi ko wane ne. Ya ce, "Inna, Kabi ne." Ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka kawunnanka suke." Ta ajiye kwanon ta fita.

Tun daga ranar littafin ya tsaya, ya koma bin tsofaffin fitowar X-Men a wayarsa don ya ga yadda su suka yi. A 1964 Lee da Kirby sun haɗa wa Magneto nasa ayarin, shi ma mutum biyar, suka kuma sa kalmar "miyagu" a cikin sunan ƙungiyar, har mambobinta na kiran kansu da ita. To, wace ƙungiya ce za ta zauna ta raɗa wa kanta suna miyagu? Sunan ba daga bakinsu ya fito ba, daga alƙalamin mai labari ne. Haka ma "banza". Babu Bazamfare ko Banufen da ya taɓa zaɓar wa kansa wannan laƙabi. Wanda ke zaune a cikin ganuwa ne ya leƙa waje ya raɗa.

Amma Marvel ba ta dawwama a kan haka ba. Shekara ɗaya kacal, biyu daga cikin miyagun, Quicksilver da 'yar'uwarsa Scarlet Witch, suka koma cikin jaruman Avengers. Chris Claremont, wanda ya karɓi rubutun a 1975, ya bayyana a fitowa ta 150 a 1981 cewa Magneto yana yaro ya ga Auschwitz, danginsa sun halaka a hannun 'yan Nazi. Bai wanke shi daga laifi ba, amma ya ba shi dalili: mutumin da ya ga abin da ake yi wa waɗanda aka ware ba zai jira alherin masu rinjaye ba. A 1985 har makarantar Xavier aka damƙa masa. Daga baya kalmar "miyagu" ta faɗi daga sunan ƙungiyar, kuma masu karatu da yawa sun fi jin Magneto a ransu fiye da Farfesan.

Banza Bakwai ba su sami mai yi musu wannan gyara a cikin labarin ba, ko da yake tarihi ya yi musu. Zamfarawa da Kabawa Hausa suka sha a nono. Kanta na Kabi ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, kuma kufan birninsa, Surame, yana nan a Jihar Sakkwato da ganuwarsa ta dutse. Kwararrafa ta kai wa Kano hari a ƙarni na 17 har cikin birni, kamar yadda Tarihin Kano ya kawo. Waɗannan ba 'yan rakiya ba ne. Masana irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa labarin bakwai-bakwai ya fi kama da bayanin siyasa da aka tsara daga baya fiye da rahoton abin da ya faru. Talakawa ma sun sassauta shi ta hanyarsu: Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne, haka Bakatsine da Banufe, kuma ba a wasa da bare.

Matashin bai yaga takardun ba. Ya cire fiƙoƙin, ya bar wa Kabi mamari irin na masuntan Argungu, ya kuma canza wurin da labarin zai fara. Shafin farko yanzu ba Bayajidda ne a kan doki ba. Mace ce da tulu a bakin Kusugu, goye da ɗa, washegarin ranar da aka sanar da haihuwar Bawo, tana jin kiɗan fada daga nesa. A nan ma ya ci karo da wani giɓi: labarin ya riƙe sunan Ayana, ya riƙe na macijiya, amma wannan matar da ƙabilarta kawai ake kiranta. Ya je rijiyar ya tambayi dattawan da ke zaune a wurin, kowa ya ce Bagwariya. Gidan da za a rubuta sunanta a saman shafin har yanzu fari ne. Mahaifiyarsa ta ga sabon zanen, ta ce goyon ya yi ƙasa da yawa, ya ɗaga zanin.