Zunubin da Ba Ya Wari

A ikilisiyoyinmu na Arewa mun ƙware wajen gane zunubin da ke wari. Wanda ya sha burukutu, kafin ya buɗe baki an san daga inda ya fito. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, 'yan watanni kaɗan sun isa su tona ta. Wanda ya ƙara mata ta biyu, ko aka hango shi a ƙofar boka, kafin Lahadi maganar ta kai kunnen fasto. Sai dattawa su zauna, a kira mutum, a sa shi horo: ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji na wani lokaci, in yana cikin mawaƙa ya ajiye rigarsu. Na daɗe ina cikin irin wannan zama, kuma ba zan ce horo ba shi da amfani ba, don na ga waɗanda ya dawo da su kan hanya. Amma har yau ban ga an kira mutum gaban dattawa saboda ƙyashi ba, ko don shi da ƙanensa ba sa ga-maciji a kan iyakar gona, ko don matarsa tana rawar jiki da zarar ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Alhali kuwa waɗannan ne na ga sun fi cinye masu bi, sannu a hankali, suna zaune a bencin gaba.

Manzo Bulus bai raba su gida biyu ba. A Galatiyawa sura 5, inda ya jera ayyukan halin mutuntaka, ya sa fasikanci da bautar gumaka da sihiri da buguwa a jeri ɗaya da gaba da jayayya da kishi da fushi da tsattsaguwa. Mu ne muka ɗauki rabin jerin muka yi masa benci, muka bar ɗaya rabin yana jagorar addu'a.

Wannan hali namu yana da alaƙa da yadda muka fahimci koyarwar rayuwar nasara a kan zunubi, koyarwar da ke da tarihi. A 1875 aka fara wani taron shekara-shekara a garin Keswick na Ingila, inda ake koyar da cewa ba a ƙaddara wa mai bi ya ƙare kwanansa yana bawan zunubi ba, akwai 'yanci tun a nan duniya ga wanda ya miƙa kansa ɗungum ga Almasihu. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasashenmu, wanda shi kaɗai ya rayu cikinsu ya ci gaba da aikin mishan na SIM, ya riƙe wannan koyarwa har ya kafa irin taron a Kanada a 1924. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka taso muka tarar da ita a wa'azin masu bisharar ƙauyukanmu, a tarurrukan farkawa, da bakin 'yan Sabon Rai da suka bazu da ganguna tun shekarun 1960. Tushenta kuwa mai ƙarfi ne, yana Romawa sura 6, inda Bulus ya nuna cewa wanda aka haɗa da Almasihu cikin mutuwarsa da tashinsa ya fita daga mulkin zunubi.

Iyayenmu da suka fito daga Maguzanci sun ji wannan magana kamar ruwan sanyi. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana tsoron iskoki, yana yanka wa tsafi kaza duk shekara don kada ɗansa ya mutu, ka ce masa akwai wanda ya fi waɗannan ƙarfi, kuma yana tare da shi. Na ga an tara layu da guraye a bayan majami'a an cinna musu wuta, masu su suna tsaye jikinsu na ɓari, suna jiran abin da zai same su, har wutar ta mutu ba abin da ya faru. Na san magidanta da suka kifar da tukunyar giya rana ɗaya, ba su sake waiwayarta ba har suka koma ga Ubangiji. Duk wanda ya ce Allah ba ya 'yantar da mutum farat ɗaya, bai ga abin da idona ya gani ba.

Inda aka sami matsala shi ne da aka ɗauka kowane zunubi haka yake fita, a dare ɗaya, a gaban bagade. Saurayi ya fito a taron farkawa da hawaye shaɓe-shaɓe, a ɗora masa hannu, ya koma gida yana ganin yaƙi ya ƙare. Bayan mako biyu ya sake faɗawa cikin abin da ya yi kuka a kai. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ya ce shi dai ba a cece shi ba, ya daina zuwa, ko kuma ya koyi rufe baki, ya ci gaba da ba da shaidar nasara da harshe alhali a ciki abin na ci masa tuwo a ƙwarya. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro. Manomi ya san ƙuduji: tun yana ƙarƙashin ƙasa yake maƙale wa saiwar dawa yana tsotse ta, kafin furensa ya bayyana a gona ya riga ya gama ɓarna. Zunubin da aka ɓoye haka yake aiki, kuma ɓoyon ne abincinsa.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan Romawa sura 7, ko Bulus yana maganar kansa ne kafin ya tuba ko bayan ya tuba, a wurin nan da yake kukan cewa abin kirkin da yake so ya gagare shi, mugun abin da yake ƙi kuma shi yake samun kansa a ciki. Na bar musu muhawarar. Abin da na sani shi ne, ban taɓa karanta wa mai gaskiya wannan sura ya ce bai gane ta ba. Yohanna ma, a wasiƙarsa ta fari, masu bi yake rubuta wa sa'ad da ya gargaɗe su cewa da'awar rashin zunubi yaudarar kai ce, ya kuma nuna musu ƙofar gafara ta hanyar furtawa. Yaƙub ya ƙara mataki guda da muke ƙin takawa: a faɗa wa juna, a yi wa juna addu'a. Dauda kuwa a Zabura 32 ya ba da labarin yadda shirunsa ya ƙarar da jikinsa kafin ya buɗe baki.

'Yan'uwanmu na Gabashin Afirka sun riƙe wannan da hannu biyu. Farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, wadda ta samo asali daga abotar wani likitan mishan, Joe Church, da wani mutumin Uganda, Simeon Nsibambi, ta bazu har Kenya da Tanganyika. An san mutanenta da abu biyu: suna taruwa ƙungiya-ƙungiya suna faɗa wa juna gaskiyar halin da suke ciki, kuma suna mayar da abin da suka sata, har kayan aikin da suka kwasa a wuraren aikinsu. An sami masu wuce gona da iri, waɗanda suka riƙa fallasa a bainar jama'a abin da ya ɓata sunan wasu. Shi ya sa ni ban taɓa ce wa kowa ya tashi gaban ikilisiya ya zazzage cikinsa ba. Mutum ɗaya ya isa, ko biyu, mai tsoron Allah, mai riƙe baki, namiji ga namiji, mace ga mace. Amma dole a sami wannan mutum ɗayan.

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a ikilisiyarmu, mai yawan baiko, wanda ba a fara aikin gini sai an ji ta bakinsa. Wata Laraba bayan addu'ar yamma ya biyo ni gida da jaka a rataye. Muka zauna a zaure, ya yi ta gaisuwa ba ta ƙarewa. Can ya buɗe jakar ya fito da mudu biyu ya ajiye a tabarma. A ido iri ɗaya suke. Ya ce, “Baba, juya gindin wannan.” Na juya, na ga an bubbuga shi ciki da guduma, an goge wurin har ba a gane shi sai an shafa. Da mai zurfin yake saye a hannun matan ƙauye, da bugaggen yake sayar wa na gari. Ya ce, “Kullum in na durƙusa addu'a, wannan mudun nake gani. Na roƙi gafara ya fi a ƙirga, gari na wayewa kuma in ɗauke shi in tafi kasuwa.”

Na ce masa, “Ɗana, Allah ya ji roƙonka tun ranar farko. Amma mudun yana hannunka.” Muka buɗe Luka sura 19 muka karanta labarin Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, wanda da Yesu ya shiga gidansa ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. A daren nan ya lanƙwasa mudun da dutse a ƙofar zaurena. Abin da ya fi masa wuya ya zo daga baya. Ba zai iya gano duk waɗanda ya tauye ba, amma ya san waɗanda suka daɗe suna saye a wurinsa, cikinsu har da gwauraye mata masu tuyar ƙosai da masu fura. Ya bi su gida-gida da buhu a bayan babur yana faɗa musu abin da ya yi. Wata ta zage shi tas. Wata ta fashe da kuka ta ce ta daɗe da sani, ba ta da wani wurin karɓar bashi ne. Matarsa ta yi fushi da shi na wani lokaci don ribar ta ragu ƙwarai, kuma gaskiya bai sake yin kuɗi kamar dā ba. Amma daga lokacin, in ana neman wanda zai sasanta rikicin awo a kasuwar, Musulmi da Kirista shi suke kira.

Wani darasin da samari ba sa son ji shi ne gudu. Suna so su tsaya su yi dambe da jaraba don su gwada ƙarfin bangaskiyarsu. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya yi wa matar maigidansa wa'azi ba, ya bar mata rigarsa ya fice. Dauda kuwa ya zauna a Urushalima a lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, yana yawo a kan soro da yamma, daga kallo aka kai ga zina, daga zina aka kai ga jinin Uriya. Yau soron yana aljihun kowane yaro. In saurayi ya zo mini da maganar cacar ƙwallo ta waya ko hotunan batsa, muna yin addu'a, sa'an nan in tambaye shi da ƙarfe nawa abin ke kama shi, a wane ɗaki, kuma wa zai iya riƙe masa wayar da dare. In tambaye shi kuma me zai sa a gurbin abin. A Afisawa sura 4 Bulus bai tsaya ga hana ɓarawo sata ba, ya ce ya kama sana'a da hannunsa har ya sami abin ba mabukata. Iyayenmu da suka bar dandalin giya ba su zauna hannu rabbana ba. Sun shiga ajin karatu don su iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932 bayan doguwar wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Lokacin da dā ake kashewa a gindin tukunya ya koma na haɗa baƙi a gaban fitila.

Kada wani ya ɗauka dabara ce nake koyarwa. Na ga masu ƙarfin hali da suka bar mugun abu da ƙoƙarin kansu, suka wayi gari da girman kan da ya fi abin da suka bari muni. Bayan kukan Romawa sura 7 sai sura 8, kuma can Ruhu Mai Tsarki ne ke aikin. Furtawa da mayarwa da gudu buɗe masa ƙofa ne kawai. Abin da ke ɓata mini rai a wa'azin zamani shi ne yadda nasara ta koma mota da biza da mutuwar maƙiya. Kullum abokin gaba yana waje, wata tsohuwa ce a ƙauye ko kishiyar uwa, ba a taɓa cewa mutum ya duba cikin kansa. A kwana ana ihu a kan maƙiya, da safe a koma wa tsohon mudu.

Bitrus yana ƙarfafa ni ƙwarai. Ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka maido shi a bakin Tekun Galili, aka danƙa masa kiwon tumaki. Ya cika da Ruhu ranar Fentikos, ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba. Duk da haka, bayan shekaru, a Antakiya, tsoron mutane ya sa ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, sai da Bulus ya tsawata masa ido da ido. Manzo ne babba, amma ya bukaci ɗan'uwan da zai faɗa masa gaskiya.

Mu tsofaffi mun fi kowa bukatar irin wannan ɗan'uwa, kuma mu ne muka fi rasa shi, don furfura tana rufe bakin mutane. Sha'awar ƙuruciya takan lafa da shekaru, sai a ɗauka an yi nasara, alhali wasu ne suka karɓi wurin: son a gaishe mu, ƙin sauka daga kujerar dattijo, riƙe laifin da aka yi mana tun kafin a haifi faston da ke kanmu, ƙorafi a kan duk abin da yara suka taɓa. Na ga ikilisiya ta rabu biyu don dattawa biyu sun ƙi gaisawa, kowannensu bai taɓa ɗanɗana giya ba. Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa na da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Shi ya sa nake roƙon fastocinmu su riƙa sanar da Jibin Ubangiji mako guda kafin ranar, su kuma faɗa wa jama'a dalili a fili, mu dattawa mu fara tashi mu je gidajen da muka daɗe ba mu taka ba.