Kaza Ba Ta Fitsari, To Ina Nata Yake Zuwa?

Akwai wata tambaya da yara kan yi, manya su yi dariya su wuce ba tare da sun ba da amsa ba, ita ce wai me ya sa kaza ba ta fitsari? Ga ta tana shan ruwa kullum, amma ba wanda ya taɓa ganin ta jiƙa ƙasa kamar yadda akuya take yi. Ni dai ɗalibin Hausa ne, amma wannan tambaya ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, har ta sa na riƙa zama da abokaina na sashen nazarin halittu, ina kuma leƙa littattafansu a laburare. Abin da na tsinta shi nake so in baje a faifai, domin na ga al'amarin ya wuce kaza, ya shafi ni da kai, mai karatu.

Da farko sai mu san asalin dattin. Nama da wake da ƙwai da madara duk suna ɗauke da abincin gina jiki, wato furotin, wanda kusan kashi 16 cikin 100 nasa wani sinadari ne da ake kira naitirojin. Idan jiki ya ɗebi abin da yake bukata ya ƙone saura, sai naitirojin ɗin ya fito a matsayin amoniya. Kowa ya san warinta, ita ce take bugun hanci a makewayin da ba a wankewa. Amoniya guba ce, kaɗan daga cikinta in ta taru a jini sai ta taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka kowace dabba, daga tarwaɗa har zuwa raƙumi, tilas ta san yadda za ta rabu da ita. Hanyoyin kuwa manya guda 3 ne, kuma ruwa shi ne alƙalin da yake raba wa kowa tasa.

Kifi ɗan gata ne a nan, tun da a cikin ruwa yake kwana yake tashi. Karfasa da tarwaɗa ba sa wahalar sarrafa komai, amoniyar suke saki ɗanyarta, yawanci ta jajayen abubuwan nan na ƙarƙashin kunnensu da suke numfashi da su, ruwa ya kwashe. Wannan hanya ba ta cin ƙarfin jiki, amma fa tana cin ruwa, don fitar da giram 1 na naitirojin ta haka yakan bukaci ruwa mililita 300 zuwa 500. Shi ya sa mai kiwon kifi in ya yi sakaci da canja ruwan tankinsa, sai ya wayi gari kifayen sun juya ciki sama, dattinsu ne ya kashe su.

Mu kuwa da shanu da awaki da sauran dabbobi masu shayarwa ba mu da wannan gata. Sai hantarmu ta ɗauki amoniya ta mai da ita yuriya, jini ya kai wa ƙoda, ƙoda ta tace ta aika mafitsara. Wasu masana biyu, Hans Krebs da Kurt Henseleit, su ne suka bayyana yadda hanta take wannan aiki a shekarar 1932 a ƙasar Jamus. Yuriya ba ta da dafi kamar amoniya, kuma ruwa kamar mililita 50 ya ishi giram 1 na naitirojin, sai dai jiki yakan kashe ƙarfi wajen haɗa ta. Babban mutum yakan fitar da kusan giram 25 zuwa 30 a rana. Wani abin mamaki, ita ce dai yuriyar nan da manoma suke saye a buhu, sai dai tasu a masana'anta ake yin ta. Tun a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa ta a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowa ba.

To, sai mu komo kan kaza. Duk wanda ya taɓa share akurki ya san kashin kaza launi biyu ne, akwai duhu-duhu, akwai fari a kai. Farin nan shi ne fitsarinta. Tsuntsaye da ƙadangaru da macizai da fari suna mai da dattinsu wani abu da ake kira yurik asid, wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa, saboda haka yake fita kamar kwaɓaɓɓen alli, da ruwan da bai wuce mililita 10 ba. Kaza ba ta da mafitsara, fitsari da kashi ƙofa ɗaya suke bi. Wannan hanya ta fi sauran cin ƙarfi, amma ku dubi ɗan tsako da zai yi kwana 21 a rufe cikin ƙwai. Da amoniya yake fitarwa, da ta kashe shi tun bai yi gashi ba. Shi kuwa yurik asid sai ya daskare a gefe guda, ɗan tsako ya fasa ya fito ya bar shi cikin ɓawo.

Wasu dabbobin ma canja hanya suke yi in zama ya canja. Talibambam amoniya yake saki cikin kududdufi, amma da zarar ya zama kwaɗo ya hau tudu sai ya koma yuriya. Wadda ta fi burge ni dai ita ce gaiwa. A garinmu, can wajen fadamun Haɗeja, da rani mukan bi manya zuwa busasshen tafki, su yi ta saran ƙasa har su tono ta a naɗe cikin wani ɓawo na majinar jikinta, da ranta. Mutanenmu kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma gaskiyarsu, don tsokarta take narkarwa ta rayu. To, ina dattin yake zuwa alhali ba ruwa? Sai ta daina sakin amoniya, ta riƙa yin yuriya tana tarawa a jiki wata da watanni, ran da ruwan sama ya sauka ta zubar. Wani Ba'amurke, Homer Smith, ya yi nazarin haka a jikin 'yar'uwarta ta Gabashin Afirka a 1930. Shi kuma raƙumi, in abinci ya yi ƙaranci, yakan mai da yuriyar cikin tumbinsa, ƙananan halittun da ke ciki su sake gina masa furotin da ita. Lalle kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne ciwon wani kawuna. Manomi ne ƙaƙƙarfa, mai yini a gona cikin rana, ga hawan jini da ya daɗe yana fama da shi. Da ƙodarsa ta gaza, sai ƙafafu suka kumbura, abinci ya fita ransa, numfashinsa ya riƙa warin fitsari. Likita ya ce dattin da ya kamata ya fita ne ya taru a jini. Na sha zama kusa da shi ana yi masa wankin ƙoda, awa 4 cur, sau 2 a mako, ina kallon jininsa yana shiga na'ura yana komowa. Irin wannan na'ura wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya fara ceton rai da ita a 1945. Kafin shekara ta zagayo an sayar da shanu biyu da gona guda. A nan na ga cewa abin da gaiwa take ɗauke da shi rani guda ba ta ko gezau, ɗan Adam ba ya iya ɗaukarsa na 'yan makonni.

Ƙodojin mutum suna tace ruwan jini kusan lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi kacal. Aiki ne na dare da rana, kuma ladan da suke nema bai taka kara ya karya ba: a sha isasshen ruwa, musamman a watannin zafi, a riƙa auna jini da sukari, a daina haɗiyar maganin ciwon jiki barkatai, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Mu ɗalibai mun fi kowa laifi, mutum ya yini a aji da laburare bai kurɓi ruwa ba, wai yana gudun zuwa bayi.

Don haka, 'yan'uwa, in yaro ya sake tambayarku me ya sa kaza ba ta fitsari, ku kai shi akurki ku nuna masa farin nan. Ku gaya masa kifi da ruwa yake biya, kaza da ƙarfinta, mu kuma muna tsakiya, muna biya da duka biyun. Ba mu da dabarar gaiwa, ba mu da tumbin raƙumi, ƙoda biyu kawai gare mu, sai mu riƙe su da kyau.