Neman Taba a Garin da Ya Manta da Lofe

Akwai kalmomin Hausa da suka tsufa tare da masu furta su, lofe na cikinsu. Ka ambace shi a majalisar samari a Kaduna, sai su tsaya kallonka. Sigari sun san ta, shisha ma haka, amma 'yar tukunyar nan mai dogon wuya da tsofaffi kan cusa wa taba su ɗora garwashi, sai dai a fim ɗin Turawa. Ni kuwa yau shekara uku ke nan ina shan lofe, kuma abin da ya fi ba ni wahala a cikinsu shi ne sanin inda zan sayi tabar kirki.

Sana'ata rubuta manhaja. Daga ɗakina nake yi wa wani kamfanin ƙasar waje aiki, yini guda ina gaban kwamfuta, saƙo na shigowa kan saƙo, kowa yana son nasa yanzu-yanzu. A wajen wani abokin aikinmu, dattijo ɗan ƙasar Ayilan, na fara ganin lofe da idon basira. Kullum muka tashi daga taron bidiyo sai ya ce zai fita lambu, kada kowa ya neme shi sai bayan minti arba'in. Wannan minti arba'in ɗin ne suka fara ba ni sha'awa kafin tabar kanta.

Lofe ba ya son gaggawa. Sigari kan ƙare a minti biyar kana tsaye bakin titi. Shi kuwa sai ka zauna. Za ka zuba taba sau uku: na farko sakwa-sakwa, na biyu ka ɗan danna, na uku ka ƙara dannawa, amma ba har iska ta kasa wucewa ba. Ka ƙyasta ashana ka ƙona saman, ya mutu, ka daddanna tokar, ka sake kunnawa. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi a fesar. Ka ja da sauri, tukunyar ta yi zafi, harshe ya ƙone, gobe ko shayi ba za ka ji ɗanɗanonsa ba. Ka manta da shi kana latsa waya, ya mutu. In an gama kuma sai a goge bututun da tsinke mai auduga, a ajiye shi ya huta kwana guda ya bushe. Ga wanda ya saba ya danna maɓalli abu ya faru nan take, wannan wata makaranta ce daban.

Irin mu 'yan kwamfuta, in abu ya shiga ranmu sai mun bi diddiginsa. Na karanta cewa yawancin lofen Turai ana sassaƙa su ne daga kututturen saiwar wani ɗan itace da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, saboda yana jure wuta. Akwai na farin dutse mai laushi da ake haƙowa a Turkiyya, akwai na totuwar masara da Amurkawa ke yi. Nawa na farko na kamfanin Peterson ne na birnin Dablin, wanda tarihinsa ya faro daga 1865. Wani ɗan'uwa ya taho mini da shi. Ganyen ma iri-iri ne. Bajiniya da zafin rumbu ake busar da ita, shi ya sa take riƙe zaƙinta. Barli a inuwa take shan iska har ta bushe. Latakiya, wadda ta ci sunan wani birnin Siriya, turara ta ake yi da hayaƙin itace har ta yi baƙi, ƙamshinta kamar na murhun da aka kwana ana hura wa wuta.

Duk wannan ilimi a waya yake. Da na fita nema a gari sai na ga taba ta bambanta da garin gero. Mai tireda ya miƙo mini kwalin sigari. A manyan kantuna aka nuna mini tabar shisha mai ƙamshin tuffa, wadda jiƙe take da zuma-zuma, ba ta ci a lofe. Masu talla a Instagram suna nan, amma dokar hana yaɗuwar shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da ita ta intanet, kamar yadda ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ban da haka ma, abin da za ka sa a baki ka ƙona, gara ka ga fuskar mai sayar maka.

A Abuja na fara dacewa, a irin shagunan da ke sayar da manyan sandunan taba na Kyuba. Can ƙasan kanta akan samu gwangwani uku ko huɗu na tabar lofe, farashinsu yana bin dala sama da ƙasa. A nan na koyi gane shagon kirki. Na farko, mai shagon ya san abin da ke cikin gwangwanin, ba sunan da ke jiki kawai ba. Na biyu, kayan ba sa kwance inda rana ke dukansu. Na uku, in ka taɓa murfin ka ji shi a manne gam, don gwangwanin da iska ta shiga, hunturu ɗaya ya isa ya mai da tabar ciki ƙura. Na huɗu, wanda ya fi duka, ya iya ce maka, "Wannan ba za ta yi maka ba." A gida kuma kwalba mai murfin roba ita ce magani: da hunturu tana tsare laima, da damina sai an riƙa dubawa saboda fumfuna.

Sai dai abin ya riƙa damuna. Yaya za a yi in zauna a ƙasar da ake noma taba ina jiran gwangwani daga Turai? Taba ba baƙuwa ba ce a nan. Tun farkon ƙarni na 17 malamai ke muhawara a kanta a yankinmu, har Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu suka saɓa masa, kuma yau malamai da yawa haramta ta suke yi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya biyo ta Katsina a 1853, ya sayi tabar garin a cikin guzurinsa saboda darajar da take da ita har Tumbuktu. Abin da ya kori lofe ba wa'azi ba ne kaɗai. Sigarin kamfani ce ta zo da sauƙi, har aka kafa masana'antarta a Zariya a 1959. Wa zai tsaya neman garwashi alhali ga kara a aljihu?

Matambayi ba ya ɓata. Wani mai gadin layinmu ne ya kwatanta mini wata kasuwar ƙauye da ke ci mako-mako. A ƙarshen layin 'yan goro na tarar da wani tsoho a kan buhu, gabansa ganyen taba ɗauri-ɗauri, da garinta a ƙoƙo, da kanwa. Masu sayensa 'yan ƙunsa a baki ne da masu shaƙa a hanci. Na gaishe shi, na fito da lofena. Ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina.

"Ɗana, wannan na Nasara ne. Namu na yumɓu ne, a sa masa kara. Rabon da in ga mai nema tun kafin a haife ka."

"Baba, wannan ganyen zai ci a ciki?"

"Zai ci, amma ba yau ba. In ka sha shi haka, sai ka ga kasuwar nan tana juyawa."

Shi ya koya mini in zare jijiyar tsakiya, in yayyafa ruwa kaɗan, in naɗe, in yanka siriri, in rufe a kwalba in manta da ita wata biyu. Ya ware mini ganyen da ya fi duhu da maiƙo ya ce wannan na ƙasan fadama ne, ya fi ƙarfi, in fara da mai haske. Yanzu kashi ɗaya nasa nake haɗawa da kashi uku na Bajiniya. Ƙamshin da ke fita ban taɓa jin irinsa a gwangwani ba, wani abu ne tsakanin ƙasar da aka yi wa ruwan fari da busasshen dabino.

Kada mai karatu, musamman ƙannena, ya ɗauka talla nake yi. Rashin haɗiye hayaƙi bai wanke lofe ba. Nikotin yana shiga jini ta fatar baki, yana kama mutum kamar yadda sigari ke kamawa, kuma shan lofe yana jawo sankarar leɓe da harshe da maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara. Na san wannan tun kafin in ƙyasta ashanar farko, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Maiɗakina ta gindaya sharuɗɗa: ba a cikin ɗaki ba, ba a gaban yara ba, kuma duk wata shida likitan haƙori ya duba bakina. Sau biyu nake sha a mako, a bayan gida, bayan sun yi barci. Ta ce ranar da biyu ta zama uku, da hannunta za ta jefa shi a rijiya, ban kuwa yi mata musu ba. Mahaifiyata har yau ba ta sani ba, kuma wannan kaɗai ya ishe ni sanin matsayin abin.

Zuwana na baya-bayan nan na tambayi Baba ko cikin 'ya'yansa akwai mai gadon sana'ar. Ya ce babu, ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana gyaran waya a birni. Na ji wani iri, don abin da ya sani game da ganye ba a rubuta shi ko'ina ba, in ya tafi ya tafi da shi. Amma da na tambayi kaina ko zan so ɗana ya zauna a kan wannan buhun, ko ya riƙe wannan lofen, amsar a'a ce, ba tare da dogon tunani ba. Na sayi ɗauri biyu, na rubuta duk abin da ya gaya mini a waya, na yi masa sallama.