Yaron da ba wanda ya zo roƙo a kansa

Yara biyu suka ɗauke mini salula a shagona da ke bakin kasuwar Matameye, amma ɗaya kaɗai na kai wa hukuma. Na farkon ɗan gidan mutunci ne. Kafin la'asar kawunsa ya iso tare da mai unguwa, aka shimfiɗa tabarma, aka ce, "Malam, ɗa na kowa ne, a rufa asiri." Na haƙura. Na biyun kuwa ba wanda ya taka ƙafa saboda shi. Uwarsa tana bara a Aljeriya, shi kuma an dawo da shi cikin motocin da ke kwaso mutanenmu daga Tamanrasat. Da bakina na ce irin waɗannan sai kulki.

Laifinsu ɗaya, hannunsu ɗaya. Abin da na hukunta rashin gata ne.

Mu mutanen ƙasar Kance ba mu da hujjar yin haka. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, akasarinsu daga yankinmu. Mun yi kuka sosai. Amma yaran da suka dawo da rai, su ne muke fara kallo in abu ya ɓata. Haka ake yi wa samarin Kara-Kara a Damagaram, unguwar da aka ware wa kutare tun da can, wadda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021: sunan unguwa ke riga su shiga gaban shari'a.

Dokar 2014 kan kotunan yara ta ba alƙali damar miƙa yaro hannun iyayensa ko wani amintacce maimakon gidan kaso. Sai dai wa zai karɓe shi? A nan na gane cewa sulhun da muke taƙama da shi, mai dangi kaɗai yake rufa wa asiri. Yaro ɗan shekara 14 ya zauna a tsare cikin ƙarti, saboda ba babban da zai ce "ni na tsaya masa."

Daga baya na koma wurin mai unguwa na ce ni zan tsaya. Aka sa shi koyon walda, ni ke ciyar da shi, kuɗin salular kuma yana biya kaɗan-kaɗan kamar yadda aka yi alkawari. Uwarsa har yanzu ba ta dawo ba.