Abin da Na Gano a Tsukuba

Ɗigon ruwa guda ne ya sa na ɗauki alƙalami, wanda na ga an ɗiga a kan wani baƙin tabo mai girman ƙwayar dawa a birnin Tsukuba na ƙasar Japan.

Tafiyar jirgi daga Abuja zuwa Narita ba ta da wani labari. Daren farko a Tokiyo kuwa ba zan manta da shi ba. Masaukin da na samu irin wanda suke kira kafsul ne, akwatuna jere, wani a kan wani, kowa ya rarrafa ya shiga nasa. Ba wurin miƙewa, balle na shimfiɗa darduma. Tsabta kam akwai ta, amma mu da muka tashi da jin cewa baƙonka annabinka, ba za mu kwantar da mutum a irin wannan wuri ba, ko zaure ne sai an share an ba shi ya sake.

Washegari na hau jirgin ƙasa daga Akihabara, minti 45 sai ga ni a Tsukuba. Duk tsawon hanyar ba wanda ya ce wa wani sannu. Na yi kewar motocinmu, inda kafin a bar tasha an gaisa har an tambayi iyali.

Wadda ta karɓe ni wata dattijuwa ce mai kula da ɗakin gwaji, ina kiran ta Sensei, wato Malama. Ita ta wanke mini takaicin daren jiya. Kowane abinci sai ta karanta abin da aka rubuta a jikinsa don kada a haɗa ni da alade ko giya, ranar Juma'a kuma da motarta ta kai ni masallaci, ta jira a waje har aka idar.

A wannan birni ne, a 1991, Sumio Iijima na kamfanin NEC ya duba baƙin da ya taru a jikin sandar kabon da aka ƙona da tartsatsin lantarki, ya ga wasu siraran bututu. Kabon ɗin nan shi ne dai na gawayi da baƙin tukunya, sai dai a nan ƙwayoyinsa sun jeru kamar saƙar zuma, sun naɗe kamar tabarma. A 1993 aka samu mai bango ɗaya, wanda gashin kai ya ninka kaurinsa sau dubu hamsin ko fiye. Sunan waɗannan bututu nanotub. A 2004 kuma Kenji Hata da abokan aikinsa na cibiyar AIST suka gano cewa ɗan tururin ruwa kaɗan na sa su tsiro kamar ciyawa, milimita biyu da rabi cikin minti goma.

Malama ta nuna mini ilektirod, wato bakin da ke karɓar lantarki daga ruwan gwaji, an shafe shi da wannan baƙi. Ta ce, "Duba da kyau, Malam." Amfaninsa biyu ne: wurin da ruwa zai taɓa yana da yawa ainun, kuma lantarki na wucewa cikinsa da sauri. Tun 1996 aka gwada shi a kan dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Idan awon suga ake so, sai a manna masa inzayim mai cin suga, ƙarfin lantarkin da ya fito shi ke faɗin yawansa a jini.

Ni kuwa awon dalma ne ya tsaya mini a rai. Ta sa lantarki ya jawo dalmar da ke cikin ɗigon ruwan ta manne a baƙin tabon da ke bakin ilektirod ɗin, sannan ta juya ƙarfin ya saki, sai wani layi ya yi tsiri a fuskar kwamfuta. Tsayin tsirin shi ne yawan gubar. Nan take na tuna Dareta da Bagega a Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. Sai da na share ƙwalla.

Ba ta ɓoye mini aibin nanotub ba. Bututun na dunƙulewa, ragowar ƙarfen da aka tsirar da su da shi na rikita awo, jini na dushe tabon, kuma da wuya ilektirod biyu su ba da amsa iri ɗaya. Garinsa ma ba a shaƙa, sai da takunkumi ake taɓa shi. Shi ya sa yawancin aikin bai bar ɗakin gwaji ba tukuna.

Sauran kwanakin taruka ne da jawabai. Na hau dutsen Tsukuba, na sayi tsaraba, na kamo hanyar gida.

Ɗalibanmu masu karatun kimiyyar sinadarai, ku riƙi wannan fanni da hannu biyu. Rijiyoyinmu da masu ciwon suga a ƙauyukanmu suna buƙatar awo mai araha wanda za a yi nan take, kuma ku ne kuka san inda suke.